Lambar ingancin iska a manhajojin yanayi: abin da na gani a hunturun Kano

Manhajojin hasashen yanayi da ke wayoyinmu yanzu suna nuna wata lamba mai launi da ake kira AQI, wadda ke auna yawan gurɓatar iska. Na riƙa bibiyarta tun shigowar hunturu saboda ƙaramar 'yata mai ciwon asma, kuma hukuncina shi ne: tana da amfani, amma ba a kowane lokaci ba.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi na Amurka ne. Daga 0 zuwa 50 kore ne, iska lafiya lau. Daga 101 zuwa 150 ruwan lemo, masu asma da tsofaffi su yi hattara. Ya haura 150 ya zama ja, kowa na iya shan wahala. Daga cikin abubuwan da ke ɗaga lambar a wurinmu akwai ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ake kira PM2.5, waɗanda ke ratsawa har cikin huhu. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsakaicinsu a yini kada ya wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita ta iska. Ranar da hazo ya rufe gari, mun yi wa wannan iyaka nisa.

Inda manhajojin suka burge ni shi ne hango babbar ƙura. Mafi yawan hazon da ke sauka mana yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso shi ta ratsa Nijar da arewacin Najeriya. Wannan abu ne da tauraron ɗan Adam ke gani sarai, kuma cibiyoyi irin Copernicus ta Turai suna lissafa tafiyarsa kwanaki kafin ya iso. Sau da yawa na ga lambar ta nuna gobe ko jibi za a shiga ja, kuma haka ta kasance. Wannan gargaɗi kaɗai ya isa in tanadi maganin shaƙa da takunkumi, in hana yarinyar wasan waje.

Matsalar tana ƙasa, a unguwa. Yawancin garuruwanmu ba su da isassun na'urorin auna iska, don haka lambar da kake gani kiyasin kwamfuta ne da ya haɗe fili mai faɗin kilomita da yawa wuri guda. Ba ta san maƙwabci ya tayar da janareta a bakin tagarka ba. Ba ta san an cinna wa bola wuta da magariba ba, ko hayaƙin itacen girki, ko cunkoson adaidaita sahu a shataletale. Akwai daren da warin ƙonannen leda ya cika mana ɗaki, yarinya tana tari, wayata kuwa tana nuna rawaya, wai matsakaici. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin uwa ko uban da ya dogara da launin nan zai iya barin taga a buɗe.

Sannan manhajoji biyu a waya ɗaya sukan saɓa wa juna. Wani lokaci dalilin shi ne tushen bayanansu daban, wani lokaci kuma ma'aunin ne ba ɗaya ba: Birtaniya, alal misali, daga 1 zuwa 10 take ƙirga nata, Turai da Sin ma kowa da nasa. Har ƙananan na'urori masu araha da wasu ke kafawa a gidajensu suna da rauninsu, don sukan rage ƙiyasin ƙura mai gwaɓi irin ta hunturu, danshin damina kuma ya sa su ƙara gishiri.

Ga mai son amfani da ita, ya zaɓi manhajar da ke bayyana ko lambar daga na'ura ta zo ko kiyasi ne, da kuma inda na'urar take. Ya tsaya kan ɗaya, ya riƙa duba hawa da saukarta maimakon lambar rana guda, ya kuma haɗa da sanarwar hazo da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, wato NiMet, ke fitarwa. Idan kuwa ana jin ƙauri a unguwa, a rufe taga ko da wayar kore take nunawa.