Maus ko kibod, wa ya fi yi wa mutane aiki a shafin intanet?

Malam, ka ce tunda kowa na da maus meye na wahalar da kai sai shafin makarantar da kake ginawa ya yi aiki da kibod. To bari mu jera dalilan.

Maus sai da ido, sai kuma hannun da ba ya rawa. Dole ka ga ƴar kibiyar nan, ka saita ta kan maɓalli sannan ka danna, makaho ba ya ganinta, dattijon da hannunsa ke karkarwa kuwa yana kai ta kan "aika" sai ta zame ta faɗa kan "soke", duk abin da ya cike ya tafi. Kibod ba ruwansa da saiti. Tab ya kai ka gaba, Shift da Tab su dawo da kai, Enter ya buɗe, Space ya sa alama a akwati. Mai amfani da NVDA, manhajar nan ta kyauta mai karanta allo da murya wadda wasu makafi biyu ƴan Ostireliya suka yi, H kawai zai danna ya tsallaka daga kanu zuwa kanu, F ta sauke shi a gurbin cike fom.

Ba makafi kaɗai ba ma. Dubi jarrabawar JAMB, yaro ya taso daga Mani ko Batsari bai saba da maus ba, A, B, C, D ya zaɓi amsa, N gaba, P baya, shikenan ya rubuta abinsa.

Wajen zane ko jan taswira kam maus ya fi, babu gardama.

Amma dan Allah kar ka fara da ƙirƙiro naka gajerun hanyoyin na kibod. Harafin da ka ɗaura wa aiki zai iya karo da na mai karanta allo, shi ya sa ƙa'idar WCAG 2.1 ta 2018, mai tsara yadda masu nakasa za su iya amfani da shafukan intanet, ta ce in ka yi haka a ba mutum damar kashe shi ko canza shi. Ka fara gyara na asalin tukuna. Zare maus ɗin, ka cike fom ɗin neman shiga da Tab kaɗai har ƙarshe, ka tabbata layin da ke zagaye inda ka tsaya yana fitowa, mutanenmu na yawan goge shi wai yana ɓata kwalliya, kuma akwatin da ya faɗo kan allo ya rufu da Esc.