Wata takwas da injin ɗura harsashi na Dillon XL750 a garejina

Shekara ta huɗu ke nan ina shiga gasar harbin ƙaramar bindiga ta ƙungiyar 'yan wasan harbi ta Amurka, USPSA, a nan jihar Texas, kuma duk wanda ya shiga wannan wasa ya san kuɗin harsashi ne ke cin aljihu. Tun ƙarancin da aka yi a 2020 da 2021 na fara ɗura nawa da ƙaramin inji mai aiki ɗaya, harsashi ɗari ya cinye mini yamma guda. A Amurka doka ta yarda mutum ya ɗura don amfanin kansa, sayarwa ce ke buƙatar lasisin gwamnatin tarayya. A Najeriya kuwa dokar makamai ta hana, don haka wannan bayanin na inda aka halatta ne.

Na sayi XL750 na kamfanin Dillon da ke Scottsdale a Arizona, wanda ya fito a 2019 ya gaji XL650. Na haɗa da na'urarsu mai zubo kwanso, wato gwangwanin tagullar harsashi da ake zuba albarushi a ciki, sannan na ƙara Mr. Bulletfeeder na kamfanin Double-Alpha mai ɗora dalma, wato kan harsashin da ke fita idan an harba. Kowanne daban ake sayensa, haka ma kayan kowane girman harsashi, saboda haka mutum ya yi lissafinsa tun kafin ya fara.

Injin zango biyar gare shi, farantin da ke riƙe da kwanso yana juyawa da kansa duk lokacin da aka ja hannu. A zangon farko ake matse kwanson ya koma girmansa a cire tsohuwar firaima, wato ɗan maɓallin gindi da ke tada wuta. A na biyu ake danna sabuwa a zuba albarushi. Sauran ukun su ne inda shawara take, zan dawo kansu.

Harhaɗa injin kansa bai ba ni wahala ba, littafinsa a bayyane yake. Abin da ya ci mini kwana biyu tebur ne. Tebirina na katako yana ɗan rawa idan na ja hannu, kuma na'urar kwanso tana can sama a kan dogon ƙarfe, sai ƙaramar girgizar ƙasa ta zama babba a can. Kwanso ya riƙa faɗowa a karkace, albarushi yana fantsama a kan faranti. Sai da na ɗaure teburin da bango, na ƙara masa katako mai kauri a ƙarƙashi, sannan komai ya natsu. Wanda zai sayi irin wannan inji ya fara da teburinsa.

Na'urar kwanso kwano ce mai faifai da lantarki ke juyawa, tana jera kwanso gindi a ƙasa cikin bututu, idan ya cika ta tsaya. Ba ruwanta da abin da ka zuba mata. Ni kwanson 9mm nake tsinta a filin harbi, kuma a cikinsa ba a rasa na .380, wanda ya yi kama da shi sosai amma ya fi shi gajarta. Na .40 kuma yakan haɗiye 9mm a cikinsa su toshe bututu. Yanzu nakan bi da maganaɗisu in cire na ƙarfe, in zauna in tsince sauran da ido kamar mai tsintar shinkafa. Minti ashirin na wannan tsinta ya fi mini awa guda na kwance bututu.

Mai ɗora dalma ta fi buƙatar haƙuri. Tana da wani ɗan mataki da ke juya dalmar da ta taho a kife, kuma sai an saita shi daidai da siffar kan dalmar da kake amfani da ita. Na saita shi da mai zagayayyen kai ta giren 124 (ma'aunin nauyin dalma ke nan), da na koma mai faffaɗan kai ta 147 dole na sake daga farko. Haka buɗa bakin kwanso: idan ya yi kaɗan dalma ta faɗi lokacin da faranti ya juya, idan ya yi yawa tagullar ta gaji da wuri ta tsage. Da na samu daidai, hannun hagu ya huta gaba ɗaya, na dama kawai ke aiki, kana jin harsashi na faɗawa cikin akwati ɗaya bayan ɗaya.

To, a nan ne maganar zangunan uku ta shigo. Mai ɗora dalma tana cin zango guda. Da farko na sa ta a na uku, danna dalma a na huɗu, matse baki a na biyar, wato na cire na'urar da ke duba yawan albarushi ta yi ƙara idan ya gaza ko ya ninka. Na ce idona ya isa. Wata uku da farawa, a tsakiyar gasa, na ja kunama na ji ƙarar ba ta kai ba, bindigar ba ta motsa yadda ta saba ba. Alƙalin fili ya daka tsawa in tsaya. Da muka duba, dalma ce a maƙale cikin bakin bindiga, kwanson babu albarushi. Da na ƙara harbi ɗaya a bayanta, Allah kaɗai ya san abin da zai sami hannuna da na kusa da ni. Na san daren da abin ya faru: an kira ni a waya, na saki hannun injin a rabin hanya, na dawo na ci gaba ban duba faranti ba. Duk harsasan wannan dare sai da na kwance su.

Tun daga nan na mayar da mai duba albarushi zango na uku, dalma a na huɗu, na haɗa dannawa da matse baki a na biyar. Saitinsa ya fi wuya, amma na yarda da wannan ciniki. Na kuma sa fitila a cikin injin, na daina shiga gareji da waya, kuma duk sanda bututun firaima mai ɗaukar 100 ya ƙare nakan auna albarushi a sikeli in gwada shi da littafin masu yin sa. Tabarau a ido kullum, wanke hannu bayan an gama saboda gubar dalma, yara kuma ba sa shiga wurin.

Mai harba akwati ɗaya ko biyu a wata ba ya buƙatar wannan, kuma ban ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba, domin abu biyar ne ke faruwa a ja guda. Ya koyi aikin a ƙaramin inji tukuna. Ni da nake harbi kowane mako, abin da a da ke cinye mini yammaci huɗu yanzu nakan gama shi tsakanin la'asar da magariba ranar Lahadi. Na'urar kwanso zan sake sayenta ba tare da tunani ba. Mai ɗora dalma ma haka, muddin mai duba albarushi yana zangonsa na uku.