Enoch Arden ko Evangeline: wanne za ki fara kalla?

'Yar'uwa, kin ce kina neman tsohon fim ɗin soyayya na Turawa da aka ɗauko daga waƙa, an ba ki sunaye biyu, kin rasa na farawa. Ni dai shawarata ki fara da Enoch Arden na 1911.

D. W. Griffith ne ya shirya shi a Amurka, daga waƙar Alfred Tennyson, mutumin Ingila, ta 1864. Tsawonsa kusan rabin awa, kuma kashi biyu kamfanin Biograph ya raba shi wajen fitarwa. Enoch masunci ne da talauci ya sa ya shiga jirgin ruwa neman abin riƙe gida. Jirgi ya nutse, ya maƙale a wani tsibiri shekara da shekaru. Matarsa Annie ta jira har ta fid da rai, ta auri Philip, abokinsu tun yarinta. Enoch ya dawo da furfura, ya leƙa ta taga, ya ga matarsa da 'ya'yansa cikin kwanciyar hankali, sai ya juya bai bayyana kansa ba. Wannan leƙen shi ne zuciyar fim ɗin. Ba a jin murya a finafinan wancan zamani, ga shi labarin na mutumin da ya zaɓi yin shiru ne, shi ya sa rashin sautin bai rage masa komai ba. Fuskar Wilfred Lucas, wanda ya fito a matsayin Enoch, a bakin tagar nan ta ishe ki.

Evangeline na 1929 ya fi shi girma da tsawo da kyan hoto. Edwin Carewe ya shirya, Dolores del Río 'yar Meziko ta fito a matsayin amarya Evangeline, daga waƙar Longfellow, mutumin Amurka, ta 1847. A nan ba teku ce ta raba masoya ba, sojojin Ingila ne da suka kori mutanen Akadiya masu jin Faransanci daga gabashin Kanada a 1755. Evangeline ta ƙare ƙuruciyarta tana bin sawun masoyinta Gabriel, sai da tsufa ya zo ta same shi kwance yana gargarar mutuwa. Fim ɗin yana ɗauke da kiɗa da waƙoƙi, amma yana jan lokaci, kuma sai kin ɗan san tarihin korar kafin ya shige ki sosai.

Ki kula da shekarar wajen nema, don akwai Evangeline na 1919 na Raoul Walsh, wanda ya ɓace, babu kwafinsa.