Wata takwas da rediyon Littafi Mai Tsarki a tagar kicin ɗina

Ba don kaina na sayi rediyon nan ba. Don Inna na saya, mahaifiyar maigidana, wadda yanar ido ta hana ta karatu shekara uku ke nan. Matar da ba ta karyawa da safe sai ta buɗe Zabura, yanzu sai dai ta rungume Littafinta a cinya tana shafa bangonsa, tana jiran jika ya dawo daga makaranta ya karanta mata aya biyu yana hamma. Abin yana ci mini rai. A watan Janairu, hunturu na kan ganiyarsa, na hau Keke Napep daga Wusasa zuwa kasuwar Sabon Gari a Zariya, na sami wani yaro mai sayar da kayan waya da ke zuba wa mutane karatu da waƙoƙi a katin memori. Ya ce 15,000. Muka ja, muka daidaita a 12,500, rediyo da kati da karatun gaba ɗaya.

Girmansa bai wuce sandar sabulun wanki da aka raba biyu ba. Ja ne, yana da igiyar ratayawa, da eriya, da tocila a gefe, da maɓallan lamba daga 0 zuwa 9, da ɗan farantin sola a bayansa. Batirinsa irin mai faɗin nan ne na tsofaffin wayoyi, wanda ake samu a kowane teburin mai caji, kuma wannan babbar fa'ida ce. Yaron ya ce mini, "Mama, ko ba wuta, kwana uku zai yi miki." Ba haka ba ne. In ba a ƙure murya ba yana yin awa shida ko bakwai. Solar kuwa na shanya shi a kan kwanon ɗaki tun hantsi har la'asar, bai ba ni abin da ya kai karatun babi huɗu ba. Da cajar waya nake cika shi idan an kawo wuta.

Inna ta yi sati biyu da shi ta dawo mini da shi. Maɓallan sun yi wa yatsunta ƙanana, kuma akwai wata damuwar. Ita da tsohon juyi na 1932 ta tashi, wanda su Likita Miller, Baturen mishan, suka sha wahalar fassara shi, shi ta haddace tun tana yarinya a nan Wusasa. Abin da ke cikin katin kuwa juyin 1979 ne, wanda muke karantawa a sujada. Inda ta san Matta sai ta ji Matiyu, inda ta san Misalai sai ta ji Karin Magana, Yohanna ya koma Yahaya. Ta ce, "'Yata, maganar ɗaya ce, amma bakina yana gaba, nasa yana bin wata hanya. Ki ajiye shi wurinki, in kin kunna ina ji daga nan." Ƙofar ɗakinta tana kallon kicin. Haka rediyo ya sami wurin zama a kan taga, tsakanin gwangwanin gishiri da kwalbar man gyaɗa.

Kafin in faɗi abin da ya yi mini, sai na faɗi halin da ya same ni a ciki. Shekarata 17 da aure, 'ya'ya huɗu. Ina tashi ƙarfe biyar saura, in hura gawayi, in dama koko, in yi ɗumame, in sallami 'yan makaranta, in share tsakar gida, in yi wanke-wanke, in wanke wa Inna kayanta, kafin in juya rana ta take, an fara maganar abincin rana. Na daɗe ina jin kamar raina ya rabu biyu. Akwai na Allah, wato safiyar Lahadi da yammacin da muke taron Zumuntar Mata, akwai kuma sauran kwanakin, waɗanda tukunya da tsintsiya suka cinye. A taro in aka ce kowa ta faɗi abin da ta karanta a satin, sai in sunkuyar da kai. Ba ƙin karatun nake ba. Ina buɗe Littafin da dare, kafin in kai aya ta biyar barci ya kwashe ni.

Yadda ake neman babi a rediyon yana da ɗan wuya da farko. Ba ya nuna sunan littafi, lamba kawai yake nunawa. Babi 1,189 ne a Littafi Mai Tsarki, an jera su bi da bi, Farawa 1 shi ne lamba 1, Matiyu 1 shi ne 930. Babban ɗana ya zauna ranar wata Asabar ya lissafa su, ya rubuta a bayan kwalin taliya, muka manna a bango. Yanzu wasu na haddace su: Zabura 23 ita ce 501, Karin Magana 31 ita ce 659. Duk wadda za ta saya, ta sa a yi mata wannan takardar tun ranar farko, in ba haka ba za ta gaji ta koma sauraron tasha.

Ni daga Farawa na fara, na bar shi yana tafiya ina aiki. Abin da ban zata ba shi ne yawan kicin da ke cikin Littafin. Na sha karanta labaran nan, na sha jin wa'azinsu, amma ban taɓa jin su hannuna na cikin gari ba. Ina tankaɗe, rariya a hannu, na ji Ibrahim ya shiga alfarwa da sauri yana ce wa Saratu ta kwaɓa gari mudu uku don baƙi. Na tsaya. Baƙi da tsakar rana, ba sanarwa, maigida ya leƙo yana cewa a yi maza: wace matar aure ce ba ta san wannan ba? Kuma a bakin wannan girkin ne aka yi mata alkawarin ɗa. Ranar da aka kai 1 Sarakuna 17, lamba 308, ƙarshen wata ne, albashin Baban yara bai shigo ba, ina karkaɗe buhun masara in ga ko zai kai tuwon dare. Gwauruwar Zarefat tana tsintar 'yan itace biyu, da ɗan gari tafi guda a tukunya da ɗan mai a kwalba, ga Iliya yana cewa a fara toya masa. Na kalli kwalbar man da ke jingine da rediyon, saura kamar yatsa biyu. Ban ce an yi mini mu'ujiza ba. Tuwon dai ya isa, na kwashe malmala bakwai, kuma a daren nan na tuƙa shi ba tare da ƙuncin da na saba ba.

Inda na sha wuya shi ne Luka 10. Ranar ana taron addu'a a gidanmu, mata wajen ashirin za su zo, ni kaɗai a kicin, ƙanwar maigida da ta ce za ta taya ni tana ɗaki tana hira da waɗanda suka riga zuwa. Ina jajjage, idona na hawayen albasa da attaruhu, sai ga labarin Marta da Maryamu, inda Marta take hidimar baƙi, 'yar'uwarta Maryamu ta zauna tana sauraron Yesu, Marta ta kai masa ƙara. Tun ina budurwa labarin nan yake sosa mini rai. Kullum a wa'azi Marta ce abin misali na wadda ta yi kuskure, alhali ina sane da cewa in kowa ya zauna, baƙi da yunwa za su kwana. Na miƙa hannu na kashe rediyon da ƙarfi. Inna ta ji shiru, ta ɗaga murya daga ɗaki: "Me ya sa kika kashe?" Na ce, "Inna, ni ce Marta, kuma na gaji da a yi mini faɗa." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Mayar da shi baya ki sake ji. Yesu bai ce ta sauke tukunya ba. Damuwarta ya kira, kuma sau biyu ya ambaci sunanta. Wanda ake fushi da shi ba a kiransa haka." Na danna 983 da yatsa mai yaji. Na ji shi har sau uku kafin miya ta nuna. Gaskiyar Inna ce. A duk shekarun nan kunnena yana kan aikin da Marta take yi, ban taɓa lura da zuciyar da take yin aikin da ita ba, ga ta a kicin amma hankalinta yana kan wadda ba ta taya ta ba. Nawa hankalin ma a ɗakin can yake. Na wanke hannu, na je na ce wa ƙanwar maigida a hankali ta zo ta kama mini kwasar shinkafa, ta taso ba musu. Da ma ban roƙa ba ne, ina ta jira a gani.

Amma babin da ya zauna mini shi ne Yahaya 21, lamba 1018. Da asuba ne, satin Ista, gawayin ya sha raɓa ya ƙi kamawa. Ina durƙushe gaban murhu ina fifita da murfin roba, hayaƙi ya cika mini ido, ina jin almajiran Yesu sun kwana a ruwa ba su kama komai ba. Da suka fito gaci sai suka tarar da wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa. Ba a faɗi wanda ya hura ta ba, amma babu kowa a bakin tekun sai shi. Yesu, wanda ya tashi daga matattu, da tabon ƙusa a hannunsa, ya tanadi karin kumallo don mutanen da suka gudu suka bar shi, ya ce su zo su ci, ya miƙa musu da hannunsa. Na daina fifita. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, irin wanda na daɗe ban yi ba. Aikin da nake ganin shi ne yake nisanta ni da Ubangiji, ashe shi ma ya yi shi, kuma bayan tashinsa. Tun ranar, in na durƙusa hura wuta ina ambaton sunan duk wanda zai ci abincin, ɗaya bayan ɗaya, daga Inna har auta. Kafin in gama, gawayi ya kama.

Yanzu aibobinsa, don kada wata ta saya ta ce na rufe ta. In aka kunna shi, da murya a ƙure yake tashi, da wata muryar Turanci mai ƙara, na sha firgita Inna da asuba kafin in koyi toshe lasifikar da tafin hannu. In batiri ya mutu ana tsakiyar babi, ba ya tuna inda aka tsaya, Farawa 1 yake komawa. Lasifikar tana karkarwa in an ƙure ta, kuma ba ta iya gasa da ƙarar turmi ko ta famfo a bokiti. Gari da maiƙo suna shiga ƙarƙashin maɓallai, lamba 5 ta taɓa maƙalewa sai da na bi ta da tsinken sakace, shi ya sa yanzu yana cikin farar leda, ina dannawa ta sama. Katin ma da kuskure ya zo: Ishaya 40 sau biyu, babu 41. Na koma wurin yaron, ya ba ni haƙuri, ya gyara bai karɓi ko kwabo ba, har ya ƙara mini waƙoƙin Zumuntar Mata a wani katin daban. Wannan na yaba masa.

Akwai kuma abin da ba laifin na'urar ba ne. Ji ana aiki yana da iyaka. Labari yana shiga, Zabura tana shiga, misalan Yesu suna shiga, musamman na matar da ta kunna fitila ta share ɗaki tana neman tsabar kuɗinta, wanda yanzu ba na ɗaukar tsintsiya ban tuna shi ba. Amma na taɓa barin Romawa ta wuce tun daga farko har ƙarshe ina wanki, da aka gama na tambayi kaina me na ji, ban iya kawo jimla ɗaya ba. Wasiƙun Bulus suna son mutum ya zauna. Su na ware musu yammacin Lahadi, da Littafin a buɗe, rediyo na karantawa ina bi da yatsa. Wani lokacin kuma kashe shi nake yi gaba ɗaya. In autata ta shigo tana ba ni labarin makaranta, ita ya kamata in ji.

Ko kuɗin ya biya? A wurina ya biya har da riba, ko da gobe ya lalace. Mata uku a Zumuntarmu sun saya bayan sun gani a wurina, ɗaya ba ta taɓa shiga aji ba, yanzu ita take gyara mu in muka rikita sunayen 'ya'yan Yakubu. In za ki saya, ki sa a kunna miki a gaban mai shagon, ki danna lambobi daban-daban daga farko da tsakiya da ƙarshe, ki tambayi wane juyi ne a ciki, musamman in don tsohuwa za ki saya. Ki haɗa da batiri na biyu. Kada ki ƙara ko naira ɗaya saboda solar.

Mun gama zagaye na farko a watan Yuli, muka sake ɗaukowa daga Farawa. Inna ta saba da sabon juyin, ko da yake in aka zo Zabura tana bi da nata a hankali daga ɗaki, muryoyin biyu suna haɗuwa a tsakar gida. Jiya ina gasa wa yara ɗanyar masara ta aiko jikanta ya ce in sa mata littafin Rut. Na duba kwalin bango, na danna 233.