Gargaɗi ga masu kiwon kifin ado a Sakkwato: ku guji mai sayar da ruwan bakteriya na kwana ɗaya

Assalamu alaikum.

Kifin gwal tara na zuba a tankin gilashi ranar Asabar, kafin wata Asabar ta zagayo saura uku. Ɗiyata ce ta fara ganin na farko yana yawo a saman ruwa, cikinsa a sama. Ta zo ta same ni ina alwalar asuba ta ce, "Baba, ɗaya ya yi barci bai tashi ba." Abin da ya kashe su nake son in faɗa muku, da mutumin da ya sayar min da abin da ya ce zai hana hakan, domin har yanzu yana nan yana talla.

A Facebook na gan shi, daga nan muka koma WhatsApp. Ba shi da shago, ko kuma ba ya faɗin inda yake. In ka tambaya yau ya ce Mabera, gobe ya ce yana wajen Arkilla wurin wani aiki, kai dai ka tura kuɗi ɗan kabu-kabu ya kawo maka. Kayan nasa ƙaramar kwalbar roba ce mai ruwa kore-kore, an manna mata takarda da hoton kifi da rubutun Turanci, ba ranar haɗawa, ba ranar lalacewa, ba sunan kamfani. Maganarsa ɗaya ce: "Alhaji, ka cika tankinka, ka zuba murfi biyu, gobe ka sa kifinka duka. Ba ruwanka da jiran wata guda." Naira 12,000 na biya kuɗin kwalbar, kifin ma a hannunsa na saya, tara a tanki mai lita 60, ya ce ai zai ɗauki fiye da haka.

Da suka fara mutuwa na kira shi. Bai ko yi jim ba ya ce ruwan unguwarmu ne yake da ƙarfi, sai an yi masa da babbar kwalba, wadda ya kira mai ƙarfi biyu, Naira 18,000, kuma zai rage min kuɗin sababbin kifi saboda tausayi. Na sake biya. Wannan shi ne ainihin cinikin nasa: mutuwar kifinka ita ce kasuwarsa ta biyu. Sababbin da na ƙara suka kwana goma sha wani abu, sai suka fara taruwa a saman ruwa suna haki, kunnuwansu da ya kamata su yi ja suka koma ruwan ƙasa. Da na tura masa hoto ya ce in yi haƙuri da ƙaddara. Washegari ya toshe lambata.

Na yarda da ƙaddara. Amma ha'inci ha'inci ne.

Wani dattijo a Runjin Sambo, wanda ya daɗe yana kiwon tarwada da karfasa kuma yana da tankunan ado a zaurensa, shi ya zaunar da ni ya warware min. Ya zo da kayan gwajin ruwa, 'yan kwalabe da ake ɗiga maganinsu a ruwan tanki a duba launi. Ya gwada, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, ba a gida ka sa su ba, a masai ka sa su." Na ce, "Malam, ai na zuba maganin har sau biyu." Ya ce in kawo kwalbar.

Ga abin da yake faruwa a cikin tanki, wanda da na san shi da ba a cuce ni ba. Kifi yana fitar da guba mai suna amoniya, yawanci ta kunnuwansa inda yake shaƙar iska, kuma kashinsa da ragowar abinci suna ruɓewa su ƙara ta. A gulbin Rima ko madatsar Goronyo ruwa mai yawa ne yake tafiya da ita. A tanki ba inda za ta je. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, irin su Nitrosomonas, su cinye ta su mayar da ita naitirait. Ita ma guba ce, ita ce take shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iska, shi ya sa kunnuwan suke yin ruwan ƙasa kuma kifin yake haki alhali injin iska yana aiki. Sai wani rukunin, wanda binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa na 1998 ya nuna Nitrospira ne a tankunan ruwan daɗi, ya mayar da naitirait zuwa naitiret, wadda ba ta da illa sosai kuma canjin ruwa yake rage ta. Waɗannan ƙwayoyin ba a cikin ruwa suke yawo ba. Mannewa suke yi a jikin soson matata, wato abin da yake tace ruwan tanki, da tsakuwa da gilashi, kuma suna da jinkirin hayayyafa ƙwarai. Shi ya sa sabon tanki yake ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin su yi yawan da za su iya cinye gubar. Kifina na farko amoniya ce ta kashe su, na biyu naitirait. Kuma zafinmu yana ƙara abin muni, domin amoniya ta fi dafi idan ruwa ya ɗumama.

Kar wani ya ɗauka ina cewa duk ruwan bakteriya na kwalba ƙarya ne. Akwai na gaske, irin su Tetra SafeStart da Seachem Stability da API Quick Start da Fritz TurboStart, kuma suna iya rage kwanakin jira. Amma shi Stability kwana 7 a jere ake zuba shi, TurboStart kuwa a firiji ake ajiye shi. Abu ne mai rai a cikin kwalba. Ku yi tunanin watan Afrilu a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, kwalba tana kwance a bayan mashin ko a but ɗin mota da ta taso daga Legas. Ko na gasken ne, in aka yi masa wannan riƙon, gawa za a kawo maka. Balle wanda ba a san inda aka ɗura shi ba.

Malam bai tsaya ga zato ba, gwada kwalbar muka yi. Bokiti biyu, ruwa iri ɗaya da ya kwana, sabon soso da bututun iska a kowanne, muka barbaɗa abincin kifi daidai wa daida don ya ruɓe ya ba da amoniya. Ɗaya muka zuba masa ruwan mutumin nan, har fiye da yadda ya ce, ɗayan ba mu sa komai ba. Kwana 10 muna gwadawa. Launin bokitin biyu bai taɓa bambanta ba ko sau ɗaya. Da muka jefa tsohon soso daga tankin Malam a bokiti na uku, cikin 'yan kwanaki amoniya ta fara sauka.

Wannan tsohon soson shi ne hanya mafi sauri da nake iya ba kowa shawara a kai, kuma kyauta ne. Ka sami wanda tankinsa ya yi watanni yana aiki kuma kifinsa lafiya lau, ka roƙi gutsuren sosonsa ko tsakuwa cikin hannu, ka ɗauko shi a jiƙe cikin ruwan tankin, ka sa a matatarka nan take. Kar ka wanke shi da ruwan famfo, kulorin yana kashe ƙwayoyin. Sannan ka fara da kifi biyu ko uku, ka riƙa ba su abinci kaɗan, sai gwaji ya nuna amoniya sifiri, naitirait sifiri, kafin ka ƙara. Kuɗin da na ba mutumin nan da kayan gwaji na saya da su, da kifin ɗiyata suna nan. Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne ɗauke wuta. Ƙwayoyin nan iska suke buƙata, in matata ta tsaya awanni da yawa suna raguwa, don haka ƙaramin injin iska mai batir ko mai sola ya fi kowace kwalba amfani a garin nan.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa kuma kifinsa suna haki a yanzu, ya canja rabin ruwan yau da ruwan da ba kulorin, gobe ma haka, ya dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Ga kifin gwal, gishiri giram 1 a kowace lita yana rage shigar naitirait cikin jini. Da haka muka ceto guda huɗu.

Ba zan rubuta sunansa ko lambarsa ba, domin sunan da yake amfani da shi ma ya canja tun bayan da ya toshe ni. Mutum uku ne suka same ni da labari irin nawa, ɗaya malama ce a Gawon Nama da ta saya wa ɗalibanta, ɗaya kuma matashi ne da ya zuba jarinsa a 'ya'yan tarwada a tankin roba, aka ce masa da kwalbar nan ba sai ya riƙa canja ruwa ba. Wannan ya fi ba ni tausayi, domin bashi ya ci. Mun tara rasit ɗin tura kuɗi da hotunan hirarmu da shi za mu kai wa 'yan sanda, duk wanda abin ya shafa ya adana nasa kar ya goge.

Makon jiya wani abokina ya turo min sabon tallan. Ruwan ya koma shuɗi, takardar ta canja, an ƙara Naira 3,000 a kan kuɗin. Amma maganar tana nan yadda take, murfi biyu yau, kifi gobe, kuma har yanzu ba ya faɗin inda shagonsa yake.