Kunshin QuEChERS: ya isa a dogara da shi idan ana zargin an sa wa abinci guba?

Hanyar QuEChERS, wato dabarar fitar da sinadarai daga samfurin abinci kafin a auna su a na'ura, ta fito ne a 2003 daga hannun Michelangelo Anastassiades da Steven Lehotay da abokan aikinsu, a ɗakin binciken Ma'aikatar Noma ta Amurka. An ƙirƙiro ta domin gano ragowar maganin ƙwari a kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Yau kamfanoni irin su Agilent da Waters da Restek na sayar da ita a shirye: bututun roba mai cin mililita 50, ƙunshin gishirin da aka riga aka auna, sai ƙaramin bututun tacewa. Wannan sharhi ya shafi nau'in da ke bin ƙa'idar Turai ta EN 15662, musamman yadda yake aiki ranar da aka kawo samfurin da ake zargin hannun mutum ne ya gurɓata shi.

Aikin ba wuya. A auna giram 10 na abincin da aka niƙa sosai, a zuba mililita 10 na asetonaitril, ruwan sinadari mai janyo maganin daga cikin abincin, a girgiza minti ɗaya. Sai a juye gishirin: giram 4 na magnesiyam salfet, giram 1 na gishirin ci, giram 1 da kuma rabin giram na gishirin sitiret iri biyu, waɗanda ke riƙe pH, wato ma'aunin tsami, tsakanin 5 da 5.5. A sake girgizawa, a sa a injin juyi minti biyar. Ruwan da ya taso sama shi ake tacewa a kai wa GC-MS ko LC-MS/MS, na'urorin da ke rarrabe sinadarai su gano su. Mutum ɗaya zai gama samfura da dama cikin awa guda, kuma a lokacin gaggawa wannan saurin shi ne babban darajar kunshin.

Wurare biyu ne sabon hannu ke tuntuɓe. Magnesiyam salfet na fitar da zafi da zarar ya taɓa ruwa, kuma idan aka yi jinkirin girgizawa yakan dunƙule ya riƙe wani ɓangare na samfurin, sakamako ya yi ƙasa. Shi ya sa ake girgiza kowane bututu nan take, ba a jira a gama zuba wa saura ba. Na biyu busasshen abinci ne, kamar gari ko hatsi. Giram 5 ake aunawa, a ƙara ruwa mililita 10 a bar shi ya jiƙa. Idan aka tsallake wannan, asetonaitril ba ya ratsa shi.

Inda sharhin ya fi nauyi shi ne bututun tacewa. A cikinsa akwai garin tacewa da ake kira PSA, miligiram 25 ga kowace mililita, mai janye sukari da tsamin abinci da wasu sinadaran kitse. Matsalar ita ce bai san abokin gaba da baƙo ba: yana janye magunguna masu tsami irin su 2,4-D tare da dattin. Nau'in da aka ƙara wa baƙin gawayi na GCB don cire launin ganye yakan riƙe sinadarai masu shimfiɗaɗɗen jiki kamar kulorotalonil da tiyabendazol. A aikin yau da kullum an san abin da ake nema, sai a zaɓi bututun da ya dace. A binciken guba kuwa ba a sani ba. Don haka a raba ruwan gida biyu, a tace rabi, a tsarma ɗaya rabin a sa shi a na'ura haka nan.

Tsarmawar ma wajibi ce saboda wani dalili. Gubar ganganci takan zo da yawan da ya ninka ragowar gona nesa ba kusa ba, ta cika na'ura, ta bar saura a allura da bututun rabewa, har samfurin da ya biyo baya ya fito da laifin da ba nasa ba. A fara da ruwan da aka tsarma sau 100, a riƙa sa ruwan narkarwa zalla tsakanin samfura. Haka kuma ba a haɗa fakiti da yawa wuri ɗaya a niƙa: a lamarin maganin ƙwari na metamidofos da aka sa a daskararren abincin da aka kai Japan daga Sin, wanda ya sa mutum 10 rashin lafiya a ƙarshen 2007 da farkon 2008, wasu fakiti ne kawai ke ɗauke da gubar.

Akwai abubuwan da kunshin ba a yi shi dominsu ba. Sinadarai masu son ruwa sosai, irin su melamin da aka cusa a madara a Sin a 2008, sukan zauna a ruwan da ke ƙasan bututun, sai an bi su da wata hanyar haƙowa. Nikotin na buƙatar a ɗaga pH. Arsenik da sauran ƙarafa aikin na'urar auna ƙarafa ta ICP-MS ne bayan an narkar da samfurin da asid, sayanayid kuma gwajinsa daban. Ɗakin gwajin da ya rubuta "ba a ga komai ba" bisa QuEChERS kaɗai ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa; ya kamata rahoto ya lissafa ainihin abin da aka nema.

A ganinmu kunshin ya cancanci saye, domin gishirin da aka auna a masana'anta ya fi na auna-da-hannu daidaito. Amma kafin a amince da shi ga wani sabon nau'in abinci, a zuba sanannen adadin sinadari a tsaftataccen samfuri a gani ko za a maido kashi 70 zuwa 120 cikin ɗari. A sayi bututun tacewa iri biyu, mai PSA zalla da mai C18, garin da ke janye kitse, don abinci mai maiƙo, kuma duk ƙunshin gishirin da ya sha danshi ya taurare a zubar da shi. A ware wani ɓangare na samfurin asali a daskare, da hatimi da sa hannun duk wanda ya riƙe shi, saboda kotu za ta iya neman a sake gwaji.