Ƙuri'ar Nigerian Idol: ta masu kallo ce ko ta masu babban dikoda?

Duk shekara in aka zo ƙarshen gasar waƙa ta Nigerian Idol magana ɗaya ce ke cika Facebook da X, wai an murɗe, wai tun farko sun san wanda za su ba, wai wance tafi wane murya nesa ba kusa ba amma ita aka kora shi aka bari. Ni ma'abocin shirin ne kuma ina jefa ƙuri'a, toh shi yasa nace bari in yi bayanin yadda nake ganin tsarin zaɓen nasu, ba mawaƙan ba, shi kanshi tsarin da ake cewa masu kallo ne ke yanke hukunci, inda yayi kyau da inda wallahi bai yi ba.

Shirin kanshi bani da ƙorafi mai yawa a kanshi. Tun 2010 aka fara shi, irin su Mercy Chinwo nan suka fito, ta ci a 2012, sai ya tsaya bayan wanda K-Peace ya ci a 2015, MultiChoice masu DStv da GOtv suka dawo dashi a 2021 a tashoshin Africa Magic. Tun dawowar nan gaskiya aikin ya gyaru, sauti mai kyau, makaɗa a dandali suna kiɗa kai tsaye, mai gabatarwa IK Osakioduwa ya iya riƙe taro, kyautar ma ba wasa ba, shekarar da Progress ya ci a 2022 an ce kyaututtukan sun kai na naira miliyan 100 har da tsabar kuɗi miliyan 30. In daren Lahadi kake neman abin kallo da iyali ba za kayi asarar lokacinka ba. Wannan kenan.

Yanzu ƙuri'a. Abu na farko da zan yaba shine ba sai ka kashe kati ba. A da can saƙon tes ake turawa ana cire maka kuɗi a kowane ɗaya, mutum ya zauna yana turawa har katinshi ya ƙare sabida yana son wata yarinya ta haye. Yanzu kana shiga shafin Africa Magic kayi rajista da lambar wayarka, su turo maka kod ka saka, shikenan kana da ƙuri'a 100, ka ga dama ka zuba wa mutum ɗaya duka ka ga dama ka raba. Data kawai zaka ci kuma ba wata mai yawa ba. Ana buɗewa bayan shirin Lahadi a baka 'yan kwanaki kafin a rufe, ba wai minti goma ba kamar yadda wasu gasannin waje keyi, ko wuta aka ɗauke maka ranar zaka samu lokaci washegari. Nan ɓangaren sun kyauta.

Amma fa ga inda matsalar take, kuma ba a ɓoye take ba, a rubuce take cikin ƙa'idojinsu, mutane ne basa karantawa. Bayan shafin intanet akwai manhajar MyDStv da MyGOtv, su kuma yawan ƙuri'ar da zaka samu a can ya danganta da wane kunshi kake biya duk wata. Mai ƙaramin kunshi 'yan ɗaruruwa zai samu, mai DStv Premium kuwa har 2,500. Kayi lissafi da kanka, mutum ɗaya mai Premium daidai yake da mutum 25 da kowannensu ya shiga shafi ya zuba 100 ɗinshi. Kuma Premium ɗin nan tun ƙarin kuɗin watan Maris 2025 naira 44,500 ne a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Toh waye ke biyan wannan? Ba ɗalibar da ke kallo a falon maƙwabta ba, ba masu shayin da suka haɗa kuɗi suka saka GOtv ba. Kamar ace an zo awon hatsi ne kowa da girman mudunshi, sannan a ƙarshe ace ai kowa mudu ɗaya aka bashi.

Na fahimci dalilinsu, kamfani ne, so suke ka biya babban kunshi kuma kar ka bari ya yanke, ƙuri'ar tukuici ce ga kwastoma. Kasuwanci ne ba laifi bane. Abinda bana so shine a tsaya a dandali ana cewa Najeriya ta zaɓa, alhali wani yanki ne na Najeriya muryarshi tafi ta saura ƙarfi ninki ashirin da biyar.

Sai kuma maganar layuka. Tunda da lambar waya ake rajista, mai layi biyar yana da dama biyar, kuma magoya baya sun gane wannan tuntuni, zaka ga an buɗe guruf a WhatsApp ko Telegram ana raba aiki, wannan ya karɓo wayoyin 'yan gidansu, wancan ya bi abokai masu dikoda yana roƙon su bashi dama ya zaɓa da asusunsu, wasu har kuɗi suke tarawa. Ɗan takarar da ke da babbar majami'a a bayanshi ko jami'a ko jihar da ta ɗauki abin nata, ya riga ya wuce wanda muryar kawai gareshi. Kaga kenan in wanda kake so ya faɗi ba lallai wani ne ya shiga ɗaki ya canza lamba ba, an fi mutanenshi shiri ne kawai. Kuma mu nan arewa dan Allah mu gaya wa kanmu gaskiya, da yawanmu kallo muke mu yaba mu kwanta, bamu jefa ko ɗaya ba, ranar sakamako kuma mu muka fi kowa cewa anyi maguɗi. Zargin da nake gani ana yaɗawa kan Nigerian Idol duk irin wannan ne, zafin rai ne ba hujja a ciki, kuma ni ba zan ɗora wa mutane laifin da ban ga shaidarshi ba.

To amma masu zargin ma ba mahaukata bane, kar a raina musu hankali, sabida abin ya taɓa faruwa a wasu wurare kuma an kama.

Mafi kusa damu shine Afirka ta Kudu a 2009, gasar Idols ta tashar M-Net, wato gida ɗaya da masu namu. Ranar ƙarshe aka sanar Sasha-Lee Davids ta ci, aka yi murna aka watse, bayan 'yan kwanaki sai ga sanarwa cewa akwai tarin saƙonnin tes da mutane suka tura kafin a rufe amma basu iso kan lokaci ba, da aka haɗa su ashe Jason Hartman ne a gaba da ƙuri'a wajen 200,000. Ƙarshe dai aka ce su biyun duk sun ci. Wannan ba mugunta bace matsalar na'ura ce, kuma na yaba da suka fito suka faɗa, amma ya nuna maka sunan da aka kira a dandali zai iya zama ba shine abinda mutane suka zaɓa ba.

Wanda yafi tayar min da hankali shine na Koriya ta Kudu, shirin Produce X 101 na tashar Mnet a 2019. Samari 101 ake tarawa ana tacewa har a fitar da 11 da za'a haɗa su zama ƙungiyar waƙa, kuma duk tallan shirin akan cewa masu kallo ne furodusoshi, su ke zaɓa, kowane tes won 100 na kuɗin Koriya ake biya. Daren ƙarshe a watan Yuli tashar ta nuna adadin ƙuri'ar kowa a allo, sai wasu masu kallo suka zauna da kalkuleta suka lura tazarar da ke tsakanin wasu 'yan takara lamba ɗaya ce tana ta maimaituwa, 29,978, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, suka ƙara tonawa suka ga adadin kowa in ka raba da 7,494.442 yana fitowa cif. Ƙuri'ar miliyoyin mutane bata taɓa jeruwa haka, sai dai in wani ne ya zauna ya rubuta abinshi. Basu tsaya zagi a intanet ba, haɗuwa sukayi suka ɗauki lauya suka shigar da ƙara, 'yan sanda suka shiga ofishin CJ ENM mai tashar suka kwashi bayanai, a watan Nuwamba aka kama furodusan shirin Ahn Joon-young, daga baya ta tabbata ba wannan zangon kaɗai ba, duka zango huɗun shirin an taɓa sakamakonsu. A 2020 kotu ta yanke mishi shekara 2 a gidan yari, shi kuma babban furodusa Kim Yong-bum shekara 1 da wata 8. Ƙungiyar X1 da aka haɗa daga shirin ta watse a Janairun 2020, 'yan watanni kawai da fara aiki. Kotun ɗaukaka ƙara har sunayen mutum 12 ta karanto waɗanda aka zalunta aka cire su ba bisa ƙuri'a ba. Ka duba yaran nan fa, wasu shekaru sukayi suna atisaye dare da rana, iyayensu na gida suna ta tura tes, ashe an riga an gama rubuta komai. Abin akwai ciwo wallahi.

A Rasha ma cikin 2019 ɗin an soke sakamakon gasar waƙa ta The Voice ta yara, bayan 'yar wata fitacciyar mawaƙiya ta ci da tazarar da ta ba kowa mamaki, tashar Channel One ta kira kamfanin binciken kwamfuta Group-IB suka gano anyi amfani da na'ura wajen aringizo, lambobi kusan 300 sun tura tes sama da 8,000. Nan ba tashar ce tayi ba daga waje aka shigo.

Abinda na ɗauka a labarin Koriya shine da basu nuna lambobi a allo ba da har yau ba wanda ya sani. Kuma nan ne nake ganin namu da sauran aiki. Abinda mai kallo ke gani shine IK ya ja rai ya ja rai sannan ya kira suna, mu kuma mu yarda ko mu ƙi. Na san gidan suna aiki da masu binciken lissafi, a shirinsu na BBNaija kowa na ganin wakilin kamfanin binciken lissafi na Deloitte yana kawo ambulan ɗin sakamako, kuma hakan nada amfani dan yana hana wani ma'aikaci canza sakamako da hannu. Amma mai binciken lissafi abinda ya shigo cikin na'ura yake tabbatarwa an ƙirga daidai, ba aikinshi bane ya gaya maka ko ƙuri'a dubu ɗari ɗin nan daga mutum dubu suka fito ko daga mutum arba'in masu Premium.

Ni abinda nake roƙo bai da wahala. Bayan an gama gasa, tunda lokacin ba abinda zai ɓata, a fitar da cikakken adadin kowane ɗan takara na kowane mako, a raba nawa suka zo ta shafi nawa ta manhaja, sannan a faɗi mutum nawa ne suka yi zaɓen ba ƙuri'a nawa ba, dan miliyoyin da ake ambata suna burgewa a kunne amma in kowa na zuba ɗaruruwa ko dubbai basa nuna yawan jama'a. Sannan a rage tazarar. American Idol na yanzu ƙuri'a 10 suke ba mutum ga kowane ɗan takara ta kowace hanya, talaka da mai kuɗi duk ɗaya. In dole sai an fifita mai babban kunshi a bashi ninki biyu ko uku mana, ko a bashi wata kyautar daban, tikitin shiga zauren ko makamancin haka, ba wai a miƙa mishi makomar yaran mutane ba.

Akwai kuma abinda ba ƙuri'a bane amma yana juya ƙuri'a, wa aka fi nunawa a kyamara, labarin wa aka ja aka sa kiɗan tausayi a ƙarƙashi, wa alƙalai suka miƙe tsaye suka tafa wa, wa aka bari ya rufe shiri mutane su kwana da muryarshi a kunne. Wannan duk shirin talabijin na duniya nayi, ba zan rage musu maki sosai akai ba, kawai mai kallo ya sani ana jan ra'ayinshi. Kuma wanda gwaninshi yazo na biyu ya kwantar da hankali, Omawumi ta biyu tazo bayan Timi Dakolo a Idols West Africa na 2007, daga baya sai ga ta a kujerar alƙalan Nigerian Idol.

In maki ne, shirin kanshi zan bashi 8 cikin 10, sauƙin jefa ƙuri'a shima 8, adalcin tsarin kuwa 4, bayyana sakamako filla-filla 3. Shawarata ka kalla kaji daɗinka, ka shiga shafi ka zuba 100 ɗinka tunda kyauta ce, in kana da dikoda ka sauke manhajar kayi amfani da abinda kunshinka ya baka, amma kar ka ƙara kuɗin kunshi dan kawai ka samu ƙuri'a, kuma in aka saka ka a guruf ana cewa a turo kuɗin ƙuri'a zuwa asusun wani da baka sani ba kar ka tura ko sisi, haka kod ɗin da ake turo maka a waya kar ka ba kowa.